Kusugu a kan tebur: littafin aikin baje kolin ɗalibanmu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau shugaban sashe ya sa hannu a takardar kuɗin baje kolin. Bai ƙara ko kwabo a kan abin da na nema ba, bai kuma rage ba, wanda a wurinsa wannan ma alheri ne babba. Da zan fita ya ce, "Malam, ka dai tabbata ba za ku ƙona mana ɗaki ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu."

Shekara shida ke nan mabuɗin ɗakin kayan aiki yana hannuna, kuma duk ƙarshen shekara abu ɗaya nake gani. A yi wasan kwaikwayo, a tafa, a kira gwarzon ɗan wasa da gwarzuwar 'yar wasa su karɓi kyauta, a ɗauki hoto. Yaran da suka kwana uku suna buga ƙusa, da wadda ta ɗinka riga goma sha biyu da keken aro, da wanda ya hau tsani cikin duhu ya ɗaura fitilu, duk suna can baya suna naɗe waya. Washegari a kwance dandamalin, katakon ya koma lungu, wani ma ya ƙare a murhun mai shayi. Ko hoton kirki ba ya saura. Bana nake so a juya abin: baje koli na kwana uku, na masu tsara dandamali da masu sutura da masu haske kaɗai, da kyauta uku, ɗaya ga kowane fanni.

Ɗalibai 23 suka ba da suna, 'yan aji uku da aji huɗu. Na raba su rukuni biyar, kuma labari ɗaya na ba kowa: Bayajidda a bakin rijiyar Kusugu. Na zaɓe shi ne don kowa ya san shi tun yana yaro, ba sai mun ɓata wata guda muna gardama a kan rubutu ba. Sannan duk abin da ke wahalar da mai tsarawa yana ciki. Akwai dare, akwai rijiya mai zurfi da za a nuna a kan daɓe shafaffe, akwai maciji, akwai baƙo daga Bagadaza, akwai tsohuwa Ayana, akwai sarauniya Daurama.

Doka ɗaya na kafa: kowane samfuri, wato ɗan ƙaramin kwatancin dandamali da za a yi da kwali, a ma'aunin 1:25. Wato santimita ɗaya a kan tebur daidai yake da santimita 25 a dandamali. Dandamalinmu mai faɗin mita 8 da zurfin mita 6 zai dawo santimita 32 da 24, mutum mai tsawon mita 1.75 kuma ya zama ɗan guntun kwali na santimita 7. Na ce kowa ya fara yanka wannan ɗan mutumin kafin ya taɓa komai, ya riƙa yawo da shi a aljihu.

Talata, 21 ga Janairu

Na aro majigi na nuna musu hotunan yadda ake irin wannan baje koli a waje. Mafi girma shi ne na birnin Prag a ƙasar Cek, wanda ake yi duk bayan shekara huɗu tun 1967. Ƙasashe ne ke zuwa kowacce da rumfarta, akwai kuma ɓangare guda na ɗalibai da makarantunsu. Babbar kyautarsu wani keken yaƙi ne na zinariya mai dawaki uku, Triga, irin wanda ke kan rufin babban gidan wasan kwaikwayon birnin. Da gangan na tsaya a kan waɗanda suka ci: Estoniya a 2015, Masedoniya ta Arewa a 2019, Saifurus a 2023. Na ce ku duba taswira, ku gaya mini wace ce babbar ƙasa a cikinsu. Na gaba kuma sai 2027.

Daga baya sai wani ya ɗaga hannu: "Malam, to nawa ake ba wanda ya ci?" Aka kwashe da dariya, amma tambaya ce ta mai hankali. Sai na ba su labarin kyautar Linbury ta Ingila, wadda aka kafa a 1987 don sababbin masu tsara dandamali da suka fito daga makaranta. Abin da ya sa ta yi suna ba kuɗin ba ne kawai, a'a, haɗa matasan da ake yi da kamfanonin wasa na gaske, a kuma baje samfuransu a babban gidan wasan ƙasa da ke Landan inda masu ba da aiki ke wucewa. Es Devlin, wadda yanzu manyan mawaƙan duniya ke layi don ta tsara musu dandamali, ta nan ta fito a 1995. Mu ba mu da kamfanin da za mu haɗa kowa da shi. Abin da zan iya shi ne in gayyato masu shirya fim da masu ƙawata wurin biki na garin nan su zo su gani da idonsu. Na rubuta sunan mutum tara.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zanen farko da suka kawo mini ranar Laraba ya kashe mini jiki. Huɗu cikin biyar sun zana fadar Daurama kamar falon Alhaji a fim: kujerun kushin, labule har ƙasa, wani har da agogon bango. Ban yi faɗa ba. Na nemi mota, yau da asuba muka kama hanyar Zariya.

Ƙauyen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shi na so su gani. Wani Ba'amurke masanin gine-gine, Steven Ehrlich, ya zana shi a tsakiyar shekarun 1970 lokacin da yake koyarwa a can, aka gina shi da ƙasa irin ginin gidajenmu. Ɗakuna ne zagayayyu da katanga ta haɗa su, tsakiya kuma fili a buɗe, sama ce rufinsa. Babu labule, babu inda aka ce nan ne gaba nan ne baya. Ɗan wasa na iya ɓullowa ta wannan ƙofa ya ɓace ta waccan, 'yan kallo kuma a zaunar da su duk inda wasan ya nema.

Na bar su suka yi ta zagaye. Can na hango wata 'yar aji uku, mai shiru-shiru ce, ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta fito da ɗan mutumin kwalinta ta ɗora a kan katanga tana leƙensa da ido ɗaya. Da na matso sai ta ce, "Malam, ashe zaure ma dandamali ne. Wanda ke ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganinsa." Na ce ta rubuta wannan kafin ta manta.

A mota na ba su labarin Demas Nwoko, wanda a Zariyar nan ya yi karatun zane a ƙarshen shekarun 1950, ya je Faransa ya koyo tsara dandamali, ya dawo ya koyar a Ibadan, ya koma gini da ƙasa da katakon gida tun ana masa kallon mai ja da baya. A 2023 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na Benis, yana da shekara tamanin da ɗoriya. Rabin motar ta yi barci kafin in kai ƙarshe.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kwali, gam, reza, fenti. Kuɗin kayan ya cinye kashi biyu cikin uku na abin da aka ba mu. Kwalin taliya da na sabulu muka roƙo a shaguna, farin kwali mai kauri kaɗai muka saya. Hunturu na busar da gam tun kafin a manna, kwali kuma in an shafa masa fenti ta gefe ɗaya sai ya lanƙwashe kamar busasshen kifi. Maganinsa a shafa ta gefe biyu. Don a rage kashe kuɗi na ce su dama sitaci su riƙa manna takarda da shi a kan bangon samfuri, yana ba da kamannin yaɓe.

Baba kafinta ya yi mana akwatuna biyar na falanki da za a sa samfuran, baƙaƙe ta ciki. Ya tambaye ni ko gidan 'yar tsana muke yi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Jiya muka je Kano da masu sutura, mu takwas. Mun fara da Kantin Kwari, ba don saye ba, don roƙon ƙyalle. Kowane zanen sutura dole a liƙa masa guntun yadin da za a yi shi da shi, don alƙali ya taɓa ya ji nauyinsa, ya san ko zai zuba ko zai tsaya ƙiƙam. Wani dattijo mai shago da ya ji abin da muke yi sai ya sa yaronsa ya cika mana leda da guntaye, ya ce, "'Ya'yana, in kun yi sarauniyar ku kawo mini hoto."

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata. Yawancinsu ba su taɓa tsayawa a bakin karofi ba. Sun ga yadda ake tsoma yadi cikin ruwan baba da toka, a ɗago shi yana kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya kai duhun da ake so. Sun kuma ji ƙarar 'yan bugu, masu dukan yadi da ƙulki a kan gungume har ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai. Irin wannan sheƙin ne ya sa rawanin Kura ya yi suna har wurin Buzaye. Mun sayi yadi huɗu, biyu bugaggu, biyu ba bugu, don gwaji a ƙarƙashin fitila.

Gardamar da aka yi a hanyar dawowa ta fi tafiyar amfani. Rukuni uku sun sa wa Bayajidda farar jallabiya da ƙyallen kai irin na Larabawan talabijin. Na ce mutumin nan ya baro Bagadaza, ya zauna a Borno har ya yi aure, ya gudo, ya bi ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura da dare a gajiye. A ina ya samu mai wanki da guga? Tufafin da ke jikinsa ya kamata su ba da labarin hanyar: wani abu na gabas da ya tsufa ya koɗe, wani abu na Barebari, ƙura har gwiwa, wuƙar ce kaɗai sabuwa fil. Wata ta ce, "To Malam, ai jarumi ne, in ya fito da datti wa zai so shi?" Na ce ta tambayi Daurama.

Macijin ne ya fi ba su wuya. Akwai masu son ɗinka shi da soso da leda mai ƙyalli, wanda na tabbata dariya zai jawo ba tsoro ba. Rukuni na huɗu, su yarinyar nan mai shiru-shiru, sun zo da wata dabara: babu maciji sam. Igiyar gugar ce macijin. Igiya mai kauri ta rama, doguwa, a naɗe a bakin rijiya tun farkon wasa, kowa na ganinta ba wanda ya kula. Sai Bayajidda ya zura guga, ya ja, igiyar ta ƙi ƙarewa, ta fara motsi da kanta, mutum huɗu cikin baƙaƙen kaya suna sarrafa ta daga ƙasa, har ta naɗe masa ƙugu. Ni dai tsigar jikina ta tashi tun a mota. Matsalar ita ce a wane fanni za a saka ta? Kayan dandamali ce, ko sutura ce, ko ɗan wasa ce? Takardar makin da na tsara ba ta da gurbin wannan.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gwajin haske. Na ƙona abu, amma ba ɗakin ba.

Abin da muke da shi: tsofaffin fitilun dandamali da ake kira PAR guda takwas masu wat dubu-dubu, wasu biyu da ake kira Fresnel, da sababbin fitilun LED masu ƙarancin cin wuta guda shida da aka sayo bara. Muna tsaka da aiki aka ɗauke wuta, na ce a tayar da janareta. Ni da nake koyar da lissafin nan a aji ni na manta shi: fitila takwas sau wat dubu, wat dubu takwas ke nan, janaretanmu kuwa ko dubu biyar ba ya ɗauka da daɗin rai. Ya yi gurnani ya mutu, soket ɗaya ya narke, ɗakin ya cika da warin roba. Yaran suka yi tsit. Wani can ƙasa-ƙasa ya ce, "Malam, maki nawa za mu ba ka?" Na cancanta. Daga yau doka: kowane mai haske zai rubuta jimillar wat ɗinsa a saman takarda kafin ya taɓa makunni, kuma kada ta wuce dubu uku.

Da muka koma kan LED sai darasin gaske ya fito. Na sa wani ya yafa bugaggen yadin nan na baba, muka haska shi da ja. Yadin ya koma baƙi ƙirin, duk wahalar marina ta ɓace. Dalili kuwa a fili yake: yadi shuɗi, shuɗin haske yake mayarwa ido, in ka ba shi ja zalla ba shi da abin mayarwa. Mai suturar ta kusa kuka, ta juya kan mai hasken rukuninsu, "Kai tun farko ka ce min ja za ka sa?" Bai faɗa mata ba, don ba su taɓa zama tare ba. Wannan faɗan shi nake nema tun Janairu.

Sai batun dare. Duk littafin da ke ɗakin karatunmu shuɗi ya ce a sa in ana son dare, kuma yaran sun haddace tsarin McCandless, malamin nan na jami'ar Yale da ya rubuta shi a 1932: fitila biyu daga gaba, kowacce a kusurwar digiri 45, ɗaya mai launi mai ɗumi ɗaya mai launi mai sanyi. Tsarin yana aiki, amma launukan da aka saba zaɓa masa an zaɓe su ne da farar fata a zuciya. Muka sa shuɗi mai sanyi a fuskar yaron da ke tsaye a matsayin Bayajidda, ya koma toka-toka kamar wanda ya tashi daga jinya, idanunsa suka ɓace. Muka sauya: shuɗin ya koma baya da sama, ya zana gefen kafaɗa da rawani, fuska kuma aka ba ta ɗan ruwan zuma mai rauni daga ƙasa-ƙasa, kamar daga fitilar da ke hannun Ayana. Nan take mutum ya dawo. Wani ya ruga ɗakinsu ya ɗauko fitilar ƙwai ta gaske, muka kashe komai muka bar ta ita kaɗai. Mun fi minti biyar ba wanda ya yi magana. Inuwar igiyar nan a bango ta fi duk macijin soso da za a ɗinka.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya canza mana lokaci. Da rana ba mai iya riƙe reza, sai bayan asham ake buɗe ɗaki har ɗaya na dare. Aiki ya fi sauri, surutu ya ragu.

Jiya 'yan tashe suka biyo ta bakin ƙofar makaranta, yaro da gemun auduga da cikin tsumma da sanda, ya tanƙware yana tari. Na kira masu sutura na ce ku zo ku ga aiki. Abu uku kacal a jikinsa, kuma daga nesa cikin duhu ka san tsoho ne. Su kuwa Ayanarsu tana da zane, da riga, da fatala, da gwado, da tsakiya, da awarwaro, har yanzu ba ta tsufa ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Zama da alƙalai uku: malama ɗaya daga sashen zane-zane, wani tsohon ma'aikacin gidan talabijin da ya yi shekaru yana haska ɗakin shirye-shirye, da wata Hajiya mai shagon ɗinki da ta yi wa fina-finai da dama sutura. Awa biyu muka yi a kan takardar maki.

Malamar na son kashi 40 ya tafi ga tsabtar aiki: yanka a miƙe, fenti ba ɗigo, ma'auni daidai. Na ƙi. Na ga abin da hakan ke haifarwa, wanda ya fi kuɗin sayen kwali mai kyau shi ke cin kyauta. Samfurin rukuni na biyu kamar a sa a gilashi, amma in ka ɗora ɗan mutumin santimita bakwai a ciki ba shi da inda zai bi ya isa rijiya, bango ya tare hanya, kuma 'yan kallon gefen hagu ƙeyar Daurama kaɗai za su gani. Na rukuni na huɗu kuwa gam ya yi dumu-dumu a gefe, amma kana kallonsa kana ganin wasan yana tafiya. Hajiya ta goyi bayana ta wata hanya, ta ce ita ba ta yarda da zane ba sai ta ga mutum ya sa rigar ya durƙusa ya miƙe, don ta sha ganin alkyabbar da ta yi kyau a takarda ta harɗe ɗan wasa. Muka tsaya a kan 20 ga tsabta, 30 ga ko abin zai yiwu a dandamalinmu da kuɗinmu, 50 ga abin da ya ƙara wa labarin. Kowane rukuni zai ɗinka sutura ɗaya cikakkiya, a sa ta a yi tafiya da ita.

Haske ne ya rage, don ba a rataye shi a bango. Tsohon na talabijin ya kawo shawara: a toshe tagogin ƙaramin ɗaki da baƙin yadi, kowane mai haske a ba shi minti uku ya nuna sauyi biyar, daga magariba zuwa fitowar rana bayan an kashe macijin, takardar jerin sauye-sauyensa kuma a manna a ƙofa. Na karɓa hannu bibbiyu.

Batun igiya ba mu warware ba. Malamar ta ce dandamali, Hajiya ta ce tunda tana naɗe jikin mutum sutura ce. Na nemi a ƙara kyauta ta huɗu ta rukunin da aikinsu ya fi haɗuwa wuri ɗaya. Sun yarda, in na samo kuɗinta.

Litinin, 7 ga Afrilu

Mun dawo daga hutun salla, na buɗe ɗaki, na tarar da ɓeraye sun yi tasu sallar. Sitacin nan da na ba da shawara shi ya kira su. Bangon fadar rukuni na ɗaya ya tafi, zankwayen rukuni na uku sun zama gari, samfurin da aka yi da gam na kanti kuwa ko shinshina shi ba su yi ba. Na tara yaran na ce laifina ne, kuma daga aljihuna za a sayi kwalin gyara. Shugaban rukuni na ɗaya ya daɗe yana kallon ɓarnar, sannan ya ce dama bangon ya yi masa tsawo, yana tare hasken asuba, ba zai mayar da shi yadda yake ba.

An ɗaga buɗewa da mako ɗaya. Samfura yanzu a cikin akwatin ƙarfe suke kwana.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sutura uku sun kammala, biyu na wurin tela. Daurama ta rukuni na biyar ta yi nauyi, mai sawa ta ce wuyanta na ciwo bayan minti goma, za a rage ƙyallen kai. Cikin mutum tara da na gayyata huɗu sun amsa. Kuɗin kyauta ta huɗu bai samu ba tukuna, gobe zan koma wurin shugaban sashe, kuma sai na fara yi masa bayanin soket. Baƙin yadin toshe taga ya gaza da yadi shida. Igiyar rama ta iso daga kasuwa ɗazu, mita 18, sai dai sabuwa ce fara tas, ba ta yi kama da wadda ta taɓa shiga rijiya ba. Yarinyar ta jiƙa ta a ruwan ganyen shayi da jar ƙasa, ta shanya a bayan ɗaki, ta ce kada kowa ya taɓa sai Laraba.